Gyaran tsohon gida a Kano: POP da tayil ake yayi, amma da me ya kamata a fara?

Abban Sadiya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin harkar gini. Gida ne a cikin Kano, ginin bulo na ƙarshen shekarun 1980: ɗaki uku da falo, kicin, banɗaki biyu, zaure da tsakar gida. Rufin kwano ne irin na da, ya yi tsatsa. Silin ɗin na asbesto ne, ƙasa kuma daɓen siminti. Bangon da ke kallon titi fentinsa yana ɓarewa tun daga ƙasa har kusan gwiwa, ga wani farin gari kamar gishiri da ke fitowa. In an yi ruwa mai iska, kusurwa ɗaya a falo tana yoyo. Wayarin tun na farko ne, har yanzu fis ake amfani da shi.

Kuɗin da ke hannu ba za su ɗauki komai a lokaci guda ba. Iyali POP, wato silin ado na farin gari, suke so da tayil da kicin mai kabad, wasu kuma suna cewa a ɗaga bango a yi rufin ɓoye kamar yadda sababbin gidaje suke. Ni hankalina ya fi karkata ga sola da ruwa. Me masu gidaje suka fi zuba kuɗi a kai yanzu, wanne ne ado kawai, kuma wane aiki ne ke gaba da wane, don kada a zo ana fasa abin da aka riga aka biya?

Injiniyan Gini

Wa alaikumus salam, Abban Sadiya. Abin da ake yi yanzu kashi biyu ne. Akwai na ganin ido: silin POP mai fitilu a ɓoye, tayil mai faɗin 60 da 60, ƙofar ƙarfe ta waje, tagar alminiyam, rufin ɓoye, da intalok a tsakar gida. Akwai kuma wanda hali ya kawo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareto ya zama kaya a wuyan mai gida, sannan a Afrilun 2024 kuɗin wuta na masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit. Shi ya sa mutumin da a da zai fara da fenti, yau sola da tankin ruwa yake fara tambaya.

Amma gidanka ba da ko ɗaya daga cikinsu za a fara ba. Da rufi za a fara, domin duk abin da ka lissafa a ƙarƙashinsa yake zaune.

A sa kafinta ya shiga cikin silin da tocila da sukundireba, ya riƙa soka katakon, musamman inda ya hau bango. Katakon da gara ta ci daga waje lafiya lau yake, sai an soka ƙarfen ya nutse. Duk wanda ya nutse a fitar da shi. Sabon katako, irin wanda za ka samo a 'Yan Katako ta Na'ibawa, a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, har da bakin da aka yanka, ba sai an ɗora a zo ana yayyafawa ba. Katakon da ke kwance a kan bango a ɗaure shi da rodi ko langalanga da aka binne cikin ginin. Iskar farkon damina ba kwano kaɗai take ɗauka ba, in babu wannan ɗauri da katakon take tafiya gaba ɗaya.

Kwano kuwa, dogon alminiyam mai kauri milimita 0.55 shi ne daidai da gida irin naka: ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma ana yanko shi daidai tsawon rufin, babu haɗi a tsakiya. Mai 0.45 yana lotsawa in an taka shi, kuma za a taka shi ranar ɗora sola. A auna kaurin da ma'auni a gabanka, kada a tsaya ga abin da aka rubuta a rasit. Kwano mai yashi a jiki, wanda ake yayi a sababbin unguwanni, yana da kyau kuma ba ya ƙara in ana ruwa, sai dai yana son rufi mai tudu sosai da katakon gicciye a kowane santimita 37 ko kusa da haka. Tsohon rufi mai kwanciya ba zai karɓe shi ba sai an sake aikin katako duka.

Rufin ɓoye ne zan ɗan tsaya a kai, don shi ya fi sa mutane kuka. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, soron kakanninmu ma rufinsa a bayan rawani yake. Bambancin shi ne soro yana da indararo mai tsawo da ke watsa ruwa nesa da bango, kuma duk shekara kafin damina ana hawa a duba a yi yaɓe. Na yanzu ruwan rufin duka a kwatar siminti yake taruwa a saman bango, ya bi ta bututu. Leda ɗaya da ganyen darbejiya sun isa su toshe bakin bututun, ruwa ya cika kwatar, ya koma ƙarƙashin kwano, ya sauka a kan silin. Kwaltar shimfiɗa da ake liƙawa a ciki kuma zafin Afrilu yana busar da ita ta tsage. Wanda ya dage sai ya yi, to faɗin kwatar kada ya gaza santimita 45, a ba ta gangara, bututun sauka ya zama inci 4 ba 3 ba, a sa fiye da ɗaya a kowane ɓangare, a kuma huda wata ƙofa a jikin bangon sama kaɗan da bakin bututun don in ya toshe ruwan ya zuba waje. Ga tsohon gida ni ban ba da shawararsa ba. Ƙarin nauyi ne a kan bangon da ba a san yadda tushensa yake ba, kuma ka rasa inuwar bakin rufi. Bakin rufi mai fitowa santimita 60 yana kare bango daga rana da feshin ruwa, ɗakin ma ya fi sanyi.

Silin asbesto in za a cire, a jiƙa shi da ruwa, a zare ƙusoshin, a sauke shi falle-falle. Ba a fasa shi da guduma, ba a yanka shi da inji, ƙurarsa ce ke illa ga huhu. Masu aikin su rufe hanci, yara su bar gidan.

POP ba shi da laifi, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan: ɗigo kaɗan zai yi masa tabo ruwan ƙasa, in ya daɗe yana sha ya saki ya faɗo. Sannan ka auna tsayin ɗakunan tukuna. In daga ƙasa zuwa silin mita 2.7 ne, ka zuba tayil ya ci santimita 4 ko 5, POP mai hawa biyu ya ci 20 ko fiye, fanka ta sauko, to mai tsawo in ya ɗaga hannu zai taɓa ta. Fukafukan fanka kada su yi ƙasa da mita 2.3. A irin wannan ɗaki shafaffen silin da ɗan ado a gefe ya wadatar. A bar ƙofar shiga sama mai 60 da 60 a baranda ko kicin, masu POP suna yawan mantawa da ita.

In akwai niyyar fasa bango don faɗaɗa falo, ko fitar da shago, ko ɗora bene, wannan ya wuce gyara. Sai injiniya ya duba tushe ya zana bim, kuma sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano.

Mai Wayarin da Sola

Injiniya ya gama magana a kan rufi. Abban Sadiya, kada a ɗora sola a kan wayarin mai shekara talatin da wani abu. Robar wayar ta bushe, kuma an ja ta ne lokacin da kayan wutar gida ba su wuce ƙwai da fanka da rediyo ba.

Ma'aunin kaurin waya da ake bi, a murabba'in milimita: waya 1.5 ta fitilu da fanka, 2.5 ta soket, 4 ta AC da hitar ruwa, kowannensu da layinsa da birekarsa, 6 ta kukar lantarki in akwai, sai 10 ko 16 daga mita zuwa akwatin rarraba wuta. Birekar fitilu amfiya 10, ta soket 20. Kuskuren da ke ƙona gida shi ne a ga bireka tana yawan faɗuwa sai a sa babba. Aikinta ta faɗi kafin waya ta yi zafi, in ka sa mai 32 a kan waya 1.5 wayar ce za ta zama fis. A ƙara da abin yanke wuta mai 30mA, wanda ke faɗuwa in wuta ta kama mutum, saboda banɗaki da yara, a kafa sandar as, wadda ke kai wutar da ta kauce cikin ƙasa, ta jan ƙarfe a wuri mai danshi a haɗa ta da kowane soket. Wajen sayen waya a kankare silin ɗaya da wuƙa: in cikinsa fari ne, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, a mayar musu.

Tunda za a fasa bango, a raba layi biyu tun yanzu. Akwati ɗaya na kayan da inbata za ta ɗauka, wato fitilu, fanka, talabijin, firji. Ɗaya na masu cin wuta: hita, dutsen guga, kuka. In ba a raba ba, ranar da wani ya jona hita da asuba batirin zai ƙare kafin a idar da salla. Bututun waya ya tafi a miƙe, sama ko gefe daga soket, ba a karkace ba, kuma a ɗauki hoton kowane bango kafin filasta. Mai kafa labule da mai kabad za su gode maka.

Ga lissafin dare na gida irin naka, wat a ninka da awa, kowane 1,000 yunit ɗaya ke nan. Fanka 4 masu wat 75, awa 10, ya ba da 3,000. Ƙwai 10 masu wat 10, awa 5, 500. Talabijin da dikoda 500. Firji wajen 800. Cajin waya 100. Jimla 4,900, in ka ƙara abin da inbata ke ci da kanta ya kai 5,500. Batirin lithium da aka fi sa wa gidaje, mai bolt 51.2 da 100Ah, yunit 5.12 yake ɗauka, abin da za ka mora bai wuce 4.6 ba. Ka ga bai kai ba. Yanzu canza fankokin zuwa masu wat 35: 3,000 ɗin nan ta koma 1,400, daren gaba ɗaya ya dawo wajen 3,900, batiri ɗaya ya isa har da saura. Fanka huɗu sun fi batiri na biyu araha nesa ba kusa ba, amma mai sayar da batiri ba zai fara gaya maka wannan ba.

Batiri mai ruwa na bolt 12 da 220Ah yana da sauƙin saye, sai dai rabin abin da ke cikinsa kawai ake ja in ana son ya yi ƙarko, ga duba ruwa, ga shi zafi yana gajarta masa kwana. Shi ya sa masu hali suka koma lithium. Kowanne ka saya, a ajiye shi inda iska ke shiga, ba kicin ba, ba ɗakin da rana ke duka da yamma ba.

Faranti 6 masu wat 550 sun ba da 3,300. Ka ninka da awa 5 na rana mai ƙarfi, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na asarar zafi da ƙura da waya, za ka samu yunit 12 da ɗoriya a yini. Gidan zai ci wajen 9 har da famfon tura ruwa, ragowar ta hadarin Agusta ce da hazon hunturu. Inbata mai 5kVA ta bolt 48 za ta riƙe wannan. Famfo mai doki ɗaya wat 750 yake ci, amma lokacin tashi yana jan ninki uku ko fiye, don haka da rana tsaka ake kunna shi. AC mai doki ɗaya da rabi in zai kwana a kunne, shi kaɗai batirinsa daban.

Farantan su kalli kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15, tunda Kano a kan digiri 12 take arewa da tsakiyar duniya. Shida sun haura kilo 160, ƙarafan da za su zauna a kai a ɗaure su a jikin katakon rufi, ƙusa ta shiga ta tudun kwano ba ta kwarin da ruwa ke bi ba. In tsakar gidan tana da fili kuma babu inuwar bishiya, a yi musu rumfar ƙarfe a can ya fi: an samu inuwa, ba a huda sabon kwano ba, kuma wankewa ba sai an nemo tsani ba. Da hunturu duk sati suke son wanki, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Baba Magini

Sannunku da ƙoƙari. Alhaji, wannan farin garin da ka gani a bango shi ne ciwon gidan, kuma ina jin ya riga POP da sola duka. Ruwa ne ke hawowa daga ƙasa ta cikin bulo, ya bushe a fuska ya bar gishiri, gishirin ya ture fenti ya cinye filasta.

Kafin a taɓa bangon a nemo inda ruwan yake fitowa. Tunda bangon titi ne, duba ko titin ko kwatar sun fi daɓen gidan tudu yanzu. Tsofaffin unguwanni da yawa haka suka koma, ana ta ciko a waje gida yana nutsewa. Duba kuma ko akwai tsohon bututun ƙarfe a gindin bangon, ko wurin alwala, ko kwatar da ta tsage. In ba a tare ruwan ba, ko filasta goma aka yi sai ta zubo.

Abin da mutane ke yi yanzu, su manna tayil a bangon waje har ƙugu su ce sun yi magani. Ba su yi ba, sun rufe wa ruwan hanyar fita ne. Sai ya hau ya ɓullo a saman tayil ɗin, ko ya juya cikin ɗaki bayan kujera.

A sassare filastar har bulo, ciki da waje, a wuce inda tabon ya tsaya da ƙafa ɗaya. A goge gishirin da burushin ƙarfe a bushe, kar a wanke da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki. A bar bangon ya sha iska sati biyu ko uku. Sabuwar filasta buhu ɗaya na siminti da baro biyu na yashi, wato kwano takwas, da maganin hana ruwa gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa. Kauri milimita 15, buhu ɗaya zai rufe murabba'in mita 8 zuwa 9. In birkila ya ce maka buhu ɗaya ya yi masa bango biyu, yashi ya shafa maka. A waje a zuba dakali siriri mai faɗin ƙafa biyu zuwa uku a gindin bangon, mai gangara zuwa kwata.

Yashin ma a gwada shi. Zuba shi rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye ya kwana. Lakar za ta kwanta a sama. In ta kai kashi ɗaya cikin goma, a mayar da tifar. Sannan ban ruwa: safe da yamma har kwana bakwai. Da hunturu filastar da ba a ba ruwa ba kwana biyu take yi ta tsattsage kamar bayan kunkuru. Fenti kuma sai bayan sati huɗu.

Tayil: ɗaki mai ƙafa 12 da 12 murabba'in mita 13.4 ne. Kwalin 60 da 60 guda huɗu ne a ciki, 1.44 ke nan. Da ƙarin kashi goma cikin ɗari na yanka da fashewa, kwali 11 za ka saya, ban da na gindin bango. A duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama ɗaya, in ba haka ba launin zai bambanta a tsakiyar falo. A ajiye kwali guda a sito, bayan shekara biyu ba za ka sami irinsa a kasuwa ba. Tsohon daɓe mai santsi sai an sassare shi. Tayil mai ƙarfi irin foselin ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya kama shi da kyau, gam ɗin tayil yake so, a shafe bayan duka ba ɗigo biyar ba. A bar tsakani milimita 2 ko 3, a bar 'yar tazara a jikin bango da za a rufe da na gindi. Masu son a haɗe shi babu layi su ne tayil ɗinsu ke tashi tsakiyar ɗaki da bazara, da ƙara kamar an harba bindiga. Kafin ka biya mai aiki, bi ɗakin kana ƙwanƙwasawa da mukulli. Duk wanda ya yi amon ganga, babu komai a ƙarƙashinsa.

Intalok a tsakar gida, ni dai a bar wa bishiya wurinta. In za a yi, mai kauri santimita 6 ya isa, kuma samansa ya zauna ƙasa da daɓen ɗaki da santimita 15, in ba haka ba ruwan Agusta a falo zai kwana.

Hajiya Mai Zanen Gida

Baba ya faɗi gaskiya a kan bango. Bari in ce wani abu game da banɗaki da kicin, tunda nan ne iyali suka fi damuwa kuma nan ne aka fi yin aikin da-na-sani.

Tsohon bututun ƙarfe a fitar da shi duka a sa PPR, wanda ake haɗawa da wuta. Kafin a rufe da tayil a toshe bakunan, a cika shi da ruwa da matsi a bar shi ya kwana. Ƙasan banɗaki ya yi ƙasa da na ɗaki da santimita 2 ko 3, ya gangara wajen santimita ɗaya da rabi a kowace mita zuwa magudana, da tayil mai kaushi ƙanana, don manya ba sa karɓar gangara. Bututun bayan gida inci 4, gangararsa santimita 2.5 a mita. In ya kwanta da yawa ya toshe, kuma a fitar masa da bututun numfashi har saman rufi, in ba haka ba warin ɗaki zai dawo. A lura da alƙibla wajen dasa mazaunin tun a zane, ba sai an gama a zo ana jayayya da mai aiki ba. Sokawe kuma ya yi nesa da rijiya ko burtsatse, mita 30 in fili ya bari, kada dai ya gaza 15.

Kowa yanzu masai na zama yake so, kuma ga tsofaffi masu ciwon gwiwa rahama ne. Amma kowace kora lita 6 ce ko fiye. In gidan daga 'yan garuwa yake sayen ruwa, kora huɗu jarka ɗaya ta tafi. Tunda banɗaki biyu ne, ɗaya na zama, na tsakar gida a bar shi na tsuguno, a yi masa tayil da famfo. Tanki mai lita 2,000 in ya cika tan biyu ne, ba a ɗora shi kan rufin banɗaki, ƙafafun ƙarfe ake yi masa masu tushen kankare. Tsayin mita 5 ko 6 zai ba da ruwa a famfo da shawa ta gargajiya, amma shawar zamani mai faɗin faranti ɗigo za ta riƙa yi sai an ƙara mata ɗan injin matsi.

Kabad ɗin kicin da ake yi da allon garin katako yana da kyau ranar da aka kafa. Kicin ɗinmu kuwa ana wanke ƙasansa da ruwa kullum, allon ya sha ya kumbura ya ruɓe. A gina masa dakali na santimita 10 ya hau kai, ƙarƙashin wurin wanke-wanke a yi shi da bulo da tayil, ƙofofin kawai su zama katako. Tsayin teburin santimita 85 zuwa 90, zurfi 60. Tukunyar gas a waje, cikin keji mai iska, don gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, kuma cikin rufaffen kabad ne wuri mafi muni da za a ajiye shi. Kar kuma a rushe murhun tsakar gida. Ranar suna ko Babbar Salla babu kicin mai kabad da zai ɗauki tukunyar tuwon mutum hamsin.

Tagogi: mai zamewa rabi kawai take buɗewa, mai buɗewa kamar ƙofa ita ke ba da iska duka. Ƙarfen tsaro na kowane ɗakin kwana a yi wa ɗaya ƙofa mai kwaɗo daga ciki, mukullin a rataye kusa, saboda gobara.

Abban Sadiya

Allah ya saka da alheri, Injiniya, Baba, Hajiya, da Malam mai sola. Na fasa rufin ɓoye. Saura wata uku damina ta faɗi, kuma abin da ke hannu bai fi rabin aikin ba. A ina zan tsaya a wannan zangon?

Injiniyan Gini

Amin. Kafin ruwan farko: rufi, cire asbesto, sassare bangon da ke da danshi tun yanzu don ya samu zafin bazara ya bushe, bututun ruwa da na waya, jan waya, sannan filasta. In da saura, tanki da ƙafafunsa. Sola za ta iya shiga da zarar an gama rufi da wayarin, ko da faranti huɗu ne a fara, in dai inbatar mai karɓar ƙari ce.

Silin a bar shi a buɗe damina ta wuce a kansa. Duk ruwan da aka yi da iska, a ɗaga kai a duba, inda ya ɗiga a yi alama da alli a kira mai kwano. Wajen Oktoba ko Nuwamba sai POP, bayansa tayil, don farin garin POP in ya zuba a kan sabon tayil yana shiga layukan ya ƙi fita. Ƙofofi a rataya su bayan tayil, in an riga an rataya sai an yanke gindinsu. Fenti da kabad su ne na ƙarshe.

Kayan aiki ka saya da kanka zango-zango, siminti kuma kada ya wuce abin da za a cinye cikin wata guda, a jera shi kan katako nesa da bango. Masu aiki a yi ciniki da su a kan awo, murabba'in mita kaza kuɗi kaza, ba jimla a dunƙule ba. Mai rufi a riƙe masa kashi goma cikin ɗari, a rubuta a takarda cewa sai an yi ruwa uku masu ƙarfi zai karɓa.